Wai Turawa ne suka toshe mana R?

Ɗan Masta: Salamu alaikum. Jama'a raina ya ɓaci. Tun bayan Isha nake ƙoƙarin sauke ggplot2, kayan zana jadawali, a cikin R, manhajar ƙididdigar da nake aiki da ita, sau tara yana dawo min da jan rubutu: SSL certificate problem: certificate has expired. Data ta ƙare na sake saya, batir ya kusa mutuwa, jibi kuma zan kai wa malamina babi na huɗu. Ni dai na gane, Turawan nan sun toshe 'yan Najeriya ne kawai.

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba wanda ya toshe ka. Saƙon cewa yake wata takardar shaida ta ƙare. Wace kwamfuta ce, kuma me agogonta yake nunawa?

Ɗan Masta: Ta hannu ce Yaya, Ubuntu 16.04 ne a kai. Agogo daidai yake.

Malamar Ƙididdiga: Tsaya tukuna. Su wane ne Turawa? Mutum biyu suka ƙirƙiri R a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, Ross Ihaka da Robert Gentleman. Ihaka jinin Maori ne, mutanen da Turawan Ingila suka taras a ƙasarsu. Ka daina yi wa mutane kuɗin goro.

Baban Khairat: To Hajiya, shi na biyun fa? Ɗan Kanada ne. Ko shi ma Bamaguje ne?

Malamar Ƙididdiga: Ban ce ba. Cewa na yi kalmar ba ta dace ba.

Na Zinder: A wajenmu duk farar fata Nasara ne, ba mu rarrabewa.

Baban Khairat: Ai Bature ba launi ba ne ma. Baturen zaɓe fa? Baturen 'yan sanda fa? Duk baƙaƙe ne. Mai iko shi ne Bature, kuma su ke riƙe da sabar, wato kwamfutar da ake sauke kayan daga gare ta. Yaron nan bai yi kuskure ba.

Injiniya: Ku bar ni in amsa masa don Allah. Tunda agogo lafiya, ga abin da na fi zargi. Kowane shafi mai https yana nuna takardar shaida, kwamfutarka kuma ta bi sarƙar sa hannu har zuwa tushen da ta amince da shi. Shafuka da yawa daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt suke karɓar tasu. Tsohon tushen da suka jingina da shi, DST Root CA X3, wa'adinsa ya cika ranar 30 ga Satumba 2021, sabon shi ne ISRG Root X1. Ubuntu 16.04 yana ɗauke da OpenSSL 1.0.2, mai duba takardun nan, shi kuwa in sarƙar ta kai shi ga mataccen tushen a rumbunsa nan yake maƙalewa, ko da sabon yana nan. Ka buga sudo dpkg-reconfigure ca-certificates, ka cire alama daga kan DST ɗin, ka tabbata ISRG yana ciki. Mutanen Jamus da Amurka ma sun sha wannan wahala a ranar.

Mai Kafe: Duk wannan dogon turanci ne. Ka cire s ɗin https a adireshin CRAN, inda ake sauke kayan R, kawai. Ni haka nake yi wa kwastomomi.

Injiniya: Kar ka yi! Ka cire ƙofa ne don makulli ya ƙi buɗuwa. Duk wanda ke tsakaninka da sabar zai iya sauya abin da kake saukewa, kuma R zai girka shi ba tambaya.

Mai Kafe: Shekara nawa ina yi, wa ya mutu?

Dokta: Da SPSS, manhajar ƙididdiga ta kuɗi, ɗalibin nan ya yi aiki da tuni ya yi barci. Kullum ina faɗa muku.

Malamar Ƙididdiga: Wanne SPSS ɗin Dokta, mai lasisi ko wanda ake turawa a filas? A faɗi gaskiya.

Dokta: Hajiya ki iya bakinki. Ni na koyar da mijinki a aji biyu.

Malamar Ƙididdiga: Allah Ya saka da alheri Malam, amma tambayata na nan.

Baban Khairat: Har yanzu ba a ba ni amsa kan Baturen zaɓe ba.

Na Zinder: Wannan aron kalma ne daga zamanin mulkin mallaka, ba hujja ba ce.

Baban Khairat: Ku da kuke cewa lekwal da lokotoro ne za ku koya mana aron kalma?

Ɗan Masta: Yaya Injiniya, na buɗe abin, jerin sunaye ne masu tauraro a gefe. Da wane maɓalli ake cire tauraron?

Dokta: A matsayina na shugaban zaure na rufe wannan zance. Abin da aka cimma: R yana ba ɗalibanmu wahala fiye da kima, ko masu kare shi ba su yi ittifaƙi kan gyara ɗaya ba, kuma ba a kawo hujjar da ta kore batun toshewa gaba ɗaya ba. Masu rubuta kundi su koma SPSS. Maganar lasisi ba huruminmu ba ce, kada a sake ɗaga ta a nan.