"Silver-tongued": Yabo Ne Ko Habaici?

Malam Habu: Jama'a, ku raba mu gardama. Nura ya rubuta jawabin gabatar da babban baƙo na bikin yaye ɗalibai da Turanci, ya kira shi "silver-tongued orator", wato mai jawabi mai harshen azurfa. Ni na ce a cire. A yau Bature in ya ce wa mutum haka, mai romon baka yake nufi, irin wanda zai sa ka yi cinikin biri a sama.

Nura: Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Kalmar yabo ce tun asali. A Ingila an yi wani mai wa'azin coci a Landan, Henry Smith, wanda ya rasu wajen 1591, mutanen zamaninsa suna ce masa "silver-tongued Smith" don daɗin wa'azinsa. Ba wanda ya ɗauke shi mayaudari. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ma, a littafin Karin Magana 10:20, an kwatanta harshen mai gaskiya da zaɓaɓɓiyar azurfa.

Anti Rabi: Nura, wa ya tambaye ka abin da ake nufi shekara ɗari huɗu da suka wuce? Buɗe jaridun Turanci na yanzu ka duba wa ake liƙa wa kalmar. Dillali, lauya mai wayo, ɗan siyasa, saurayi mai yaudarar 'yan mata. Har "silver-tongued devil" suke cewa. Baƙonku ya yi karatu, zai ji ƙaiƙayin abin ko da bai nuna ba.

Nura: To Anti, William Jennings Bryan fa? A taron jam'iyyar Democrat a Chicago a 1896, yana da shekara 36, jawabi ɗaya ya yi kan a saki azurfa ta zama kuɗi tare da zinariya, washegari aka tsayar da shi takarar shugaban ƙasar Amurka. Masoyansa ne suka yi masa laƙabin "silver-tongued".

Malam Habu: Kuma ya faɗi a 1896, ya faɗi a 1900, ya sake faɗuwa a 1908. Abokan hamayyarsa da wannan laƙabin suka riƙa yi masa ba'a, wai baki ne kawai. Ka ga ka kawo mini hujja da hannunka.

Ustaz Lawal: Ku bari in sa baki. Wannan saɓanin ya girmi Turanci. A Bukhari an ruwaito cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, jama'a suka yi mamakin iya maganarsu, sai Manzon Allah (SAW) ya ce lallai daga cikin bayani akwai sihiri. Malaman hadisi kansu sun rabu: wasu sun ce yabon fasaha ne, wasu sun ce gargaɗi ne kan mai juya ƙarya ta zama gaskiya da baki. Mafi yawa suka ce ya danganta da abin da aka yi amfani da fasahar a kansa. Ina ganin kalmar taku ma haka take, fuska biyu gare ta.

Anti Rabi: Ustaz ya gama magana. Abu mai fuska biyu ba a kai shi gaban baƙo. "Eloquent", wato mai fasahar magana, tana nan, ba ta da ƙaya. Tafawa Ɓalewa da aka yi wa laƙabi da "Golden Voice of Africa", muryar aka yaba, shi ya sa ba wanda ya taɓa jin habaici a ciki.

Nura: Amma "eloquent" lami ce, Anti, kowa ita yake sawa. Da marigayi Ɗan Masanin Kano Maitama Sule ne zan gabatar, sai ku ce kada in ce masa "silver-tongued"?

Malam Habu: Shi duniya ta shaida halinsa, kowace kalma ka sa za a fassara ta da alheri. Baƙonmu kuwa ɗan siyasa ne, kuma alkawarin rijiyar burtsatse da ya yi wa makaranta bara har yau ba mu ga ko bututu ba. Ka faɗi kalmar a gaban iyayen yara ka ga ko ba za a yi dariya ba.