Allurar mura: wai akwai mai lissafin waɗanda suka yi a Kumasi?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta ce duk shekara da sanyi ya shigo sai an bi ma'aikatan asibiti ana tambaya wa ya yi allurar mura wa bai yi ba, har gwamnati na fitar da alkaluma. To mu nan fa? Hajiyarmu ta haura saba'in ga ciwon suga, shi ya sa abin ya tsaya min a rai, don ban manta da abin da ya faru a Kumasi Academy a 2017 ba, ɗalibai huɗu suka rasu da wani nau'in mura mai suna H1N1, nan kusa da mu a Asokore Mampong. Masu aikin lafiya ku taimaka.

Nas daga Asawase:
Wa alaikumus salam yayana. Abu biyu ne kada mu haɗa su. Bin sawun cutar kanta ana yi, cibiyar Noguchi da ke Legon ita ce cibiyar mura ta ƙasa, ana ɗiban majina daga marasa lafiya a wasu zaɓaɓɓun asibitoci a tura musu su ga wane iri ne ke yawo. Amma lissafin masu allura wani zance ne daban, don allurar mura ba ta cikin jerin da muke yi wa yara ranar awo irin su ƙyanda da shan inna da shawara, waɗannan kam duk wata muna cike rahoto ya shiga DHIMS2, wato rumbun bayanan lafiya na ƙasa a kwamfuta, a san yaro nawa aka yi wa nawa suka ɓace a bi su gida. Wanda ya je asibitin kuɗi ya yi ta mura, ni dai a wurin aikina ba ya shiga littafina. Kuma abin da ya fi ci min rai mu kanmu ne, mu ke tsaye kan mai tari tun safe, mu juya mu taɓa mai ciki, mu taɓa tsoho, ai mu ya kamata a fara ƙirgawa wallahi.

Baba Alhaji:
'Yata Allah ya yi miki albarka. Lokacin aikin Hajji ta sanƙarau ce dole, ta mura kuwa Saudiyya na ba da shawarar a yi. Da za a riƙa rubutawa a nan ma ai an samu wurin farawa.

Maman Yara:
Ni tsorona an ce in ka yi ta sai murar ta kama ka, gaskiya ne?

Nas daga Asawase:
Amin Baba. Anti ba gaskiya ba ne, ƙwayar cikin allurar ba mai rai ba ce, sai dai hannu ya yi tsami ko ɗan zazzaɓi kwana ɗaya biyu, kuma sai wajen mako biyu kafin ta fara kare mutum. Ana sake ta duk shekara don ƙwayar na sauya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara, kuma tsofaffi da masu suga na cikin waɗanda ta ce a fara da su. Yayana ka kai Hajiya wurin likitanta ka tambaye shi inda ake samu, in an yi mata a rubuta ranar a katinta.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai, ranar Litinin in sha Allah zan kai ta.