Me za mu kira firi-am da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu aikin sutudiyo, ga tambaya. Akwatin nan da ake sawa tsakanin makirufo da na'urar ɗaukar sauti, duk firi-am muke ce masa. Aikinsa ya ɗago siginar makirufo, wadda ba ta da ƙarfi ko kaɗan, har ta kai yadda za a iya ɗauka. Ni na kawo "tallafa-murya", a kan ginin kalmar amsa-kuwwa.

2/ Wani abokin aiki ya ce "ɗaga-murya". Ban yarda ba. Wanda ya ɗaga murya faɗa yake yi. Na'urar nan kuwa ba ta cika ɗaki da ƙara, riƙo take yi daga ƙasa.

3/ Kwalbar da ke cikin wasunsu, irin ta tsohuwar rediyo, bawul ce. Kanikawa sun riga mu kalmar, to sai mu ce kwalbar bawul. An gama.

4/ Inda rigimar take shi ne wajen wutar da ake ba kwalbar. Kwalba irin 12AX7 an yi ta ne don bolt 100 zuwa 300, amma ƙananan tallafa-murya masu araha sukan ba ta abin da bai kai 50 ba. Horon yunwa ke nan, shi ya sa na kira su "masu kwalba mayunwaciya". Sautin yakan fara dakushewa da wuri, wasu kuma shi suke so, wai ɗumi. Akwai dai kwalbar ECC86, wadda tun asali aka ƙera don batirin rediyon mota. Ita ba yunwa take ji ba.

5/ Sai dattin sauti. "Ƙara" ba ta raba mana komai, "hayaniya" kuma ta mutane ce. Cire makirufo, ka toshe mashigar da rizisto (ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki) mai om 150, ka murɗa maɓallin ƙarfin sauti har ƙarshe, ka sa abin kunne. Shuuu ɗin da ke sama, "huci". Mmmm ɗin da ke ƙasa, mai bugu 50 a daƙiƙa daga wutar gida (a Amurka 60), "gurnani". Gurnani galibi laifin waya ne ko taransifoma, ana magance shi. Huci kuwa ko rizistonka ma yana da nasa.

6/ Saura ɗaya: ka ƙwanƙwasa kwalbar da fensir ka ji "ƙin" a lasifika. Malamai, wannan me za mu ce masa?