Elmina ko Cape Coast? Baba ya kafe, rana ɗaya ta rage

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Muna Akra bikin 'yar ƙanwar Mama a unguwar Nima, bikin da aka yi ta ɗagawa saboda dangin ango sun ja ƙafa wajen lefe, har kwanakinmu suka ƙare a zaman jira. Baba tsohon soja ne, ya kafe sai ya ga gidan Turawa na Elmina, tsohon sansanin da aka tsare bayi a bakin teku, wai kakan mahaifinsa na cikin Hausawan da Ingila ta ɗauka soja a yaƙin Asante na 1873. Ga ciwon gwiwa, ga yara. Ina za mu nufa?

Malamin tarihi: Elmina, ba ja. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482. A 1637 mutanen Holan suka hau da igwa tudun St Jago da ke kusa da shi, suka yi masa luguden wuta daga sama har aka miƙa wuya. Wanda bai hau tudun nan ba, bango kawai ya gani.

Hajiya daga Kumasi: Ni dai ku kula da direbobi. Namu ya karɓi kuɗin zuwa da dawowa, ya ajiye mu bakin gada wajen masu kifi, ya kashe waya. Har yau yayata na cewa ni na zaɓo shi.

Ɗan Zango: Malam, dattijo mai gwiwa za ka tura tudu? Ku je gidan Turawa na Cape Coast, igogin na jere a kan ganuwa suna kallon teku. Can Obama ya je a 2009.

Malamin tarihi: Obama ne zai kai su? A Elmina aka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896. Soja ai wajen yaƙi yake nema.

Wata uwa: 'Yar uwa, kar ki shigar da yara kurkukun bayi. Duhu, zafi, iska sai ta 'yar kafa ɗaya. Ɗana ya kwana firgita.

Mai tambaya: Yarana ba matsorata ba ne, kuma ba ni da wanda zan bar wa su. Baba kuma da sandarsa yake zuwa masallaci kullum, ba gurgu ba ne.

Ɗan Zango: To ku haɗa biyun mana, tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba. Amma da wace mota? Ku nawa ne?

Mai tambaya: Baba ya ce yanzu shi Kumasi, babban birnin Asante, ma yake so.