Hayis ɗina tana ɗaukar zafi idan na hau titi da lodi

Direban Malumfashi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina jan Hayis mai injin 2RZ, Kano zuwa Malumfashi. Tun da bazara ta shigo motar ta canza min. A cikin gari lafiya lau, ko cunkoson Kabuga na shiga allurar zafin injin ba ta motsi. Amma da na cika fasinja na ɗauki hanyar Gwarzo, kafin Rimin Gado allura ta fara hawa, har na kujerar gaba su fara gyara zama, tunda injin a ƙarƙashinsu yake. Na canza fanbel. Bakanikena ya cire tamostat (abin da ke tare ruwa sai injin ya ɗumama), wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Babu abin da ya sauya. Yanzu kuma ya ce a sauke top, wato kan injin. Kafin in zuba kuɗi, me kuka gani?

Baba Mai Lagireto:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka bari a taɓa top tukuna. Da a cunkoso take zafi, sai in ce fanka ce. Motar da ke zafi a kan gudu da lodi kuwa, yawanci ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, wato lagireto ya toshe daga ciki. Wane ruwa kake zuba mata? In na rijiya ne ko na burtsatse, gishirin cikinsa yana daskarewa a siraran bututun nan kamar yadda yake yi a gindin butar shayi.

Gwada wannan: ka bar injin ya yi zafi, ka kashe, ka shafa bayan hannunka a fuskar lagireton a hankali. In ka ji wani wuri da zafi wani da sanyi, nan ne ruwa ba ya bi. Sai a kwance shi a tsefe bututun ɗaya bayan ɗaya. Wankin tiyo daga sama ba ya fitar da komai.

Injiniya Sabon Gari:
Baba ya gama magana, sai dai ina da ja kan tamostat ɗin da bakanikenka ya cire. A mayar da shi. A wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma in ya buɗe ba ya hana ruwa wucewa. Ba shi da laifi sai in ya maƙale, wannan kuwa in ka saka shi a tukunyar ruwan zafi za ka ga ko yana buɗewa. Injin da babu shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya yi ta shan mai a banza.

Ka duba murfin lagireto ma. Za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. In robarsa ta tsage, ruwa zai riƙa tsere maka. Kuma don Allah kada ka buɗe shi injin na zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska a haka.

Direban Malumfashi:
Allah ya saka da alheri. Baba, ruwan 'yan garuwa nake zubawa a tasha. To ta yaya zan gane ko gasket ɗin da ke ƙarƙashin top ya riga ya ƙone?

Baba Mai Lagireto:
Da safe kafin ka tayar, buɗe murfin, ka cika ruwa, sannan ka kunna. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, ko baƙin mai ya koma launin madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan injin ya ɗumama, to bakanikenka ya yi gaskiya. In babu ko ɗaya, kai lagireton a tsefe, ka sayi kulant (ruwan lagireto na musamman) a Ƙofar Ruwa ka daina zuba na garuwa.