In aminiya ta yi nisa

Jiya bayan isha'i muna shan gahawa gidan wata yayarmu nan Jidda, hira ta gangaro kan ƙawayen da muka rabu da su. Tun rusau ɗin unguwannin Sabil da Karantina tsakanin 2021 da 2022 kowa ta kama gabanta, wata Makka, wata ta koma Kano gaba ɗaya, wadda kuke miƙa wa juna kwanon miya yanzu sai dai ki ga hotonta a WhatsApp.

Yawancinmu dai cewa muka yi kar ki zauna jiran wa zai fara kira, tura mata saƙon murya ko na gaisuwar Juma'a ne. Wata Hajiya ta ce in faɗa ne ya raba ku, na kuɗin adashe ko maganar auren 'ya'ya, to ki yi mata sallama ko ba za a koma kamar da ba, tunda hadisi ya hana ƙaurace wa juna fiye da kwana 3. Ni wannan ta fi min wuya wallahi.

An kuma ce kar ki maida 'yarki wurin juye damuwa, yarinya ce. Ki leƙa tahfiz ɗin mata na sabuwar unguwarku, mutum biyu cikinmu can suka yi sababbin ƙawaye.