Masu tuƙa 911 da ire-irenta a Gran Turismo, yaya kuke yi da bayanta?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka saba da motocin da injinsu yake can ƙurya, bayan tayoyin baya, a Gran Turismo 7, gem ɗin tseren mota na PlayStation. Na tara kuɗin gem na sayi Porsche 911 Turbo ta 1981, wadda ake ce wa 930, don tun ina yaro nake son surarta. A miƙaƙƙen titi ba ta da laifi, birkinta ma ya fi na motocin da na saba da su kamawa. Amma ina shiga kwana, in na ga gudun ya ɗan yi yawa na saki totur, shi ke nan, sai bayan ya ƙwace ya wuce gaban, ta yi katantanwa da ni. A Suzuka, titin tseren nan na Japan, abin ya fi tsanani, wajen kwana-kwanan nan masu bin juna na farkon zagaye. Da hannun gem nake wasa, ba ni da sitiyari. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gwada da kansa: gyaran a tuƙi yake ko a saiti?

Baban Khalifa, Ƙofar Ruwa

Wa alaikumus salam ƙanina. Motarka lafiyarta ƙalau, haka aka haife ta. Ni bakanike ne, kuma ina yaro a garejin mahaifinmu muna gyaran Volkswagen Beetle, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, ita ma injinta a baya yake. Da yarana suka kawo gem ɗin nan gida na zauna na tuƙa 911 ɗin ciki, na ga waɗanda suka ƙera shi sun san aikinsu.

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin 911 a kan tayoyin baya yake, gaba kuma wajen 40. Muddin ƙafarka tana kan totur, nauyin nan yana danne tayoyin baya a ƙasa, suna riƙe da kwalta gam. Kana ɗaga ƙafa, sai nauyi ya zube gaba, tayoyin baya su yi sako-sako, alhali injin nan mai nauyi da ke rataye a bayansu yana nan da ƙarfin gudunsa, miƙewa yake son yi. Gaba ya sha kwana, baya ya ce shi bai ji ba. Abin da ke juya ka ke nan.

Duba adaidaita sahu, ita ma ai injinta a ƙarƙashin kujerar fasinja yake. In ta cika da mutane a baya sai ka ji gaban ya yi shafal, kan yana rawa a hannun direba, kuma direban da ya san kanta ba ya shiga shataletale da gudu yana taka birki a tsakiya. Tun da sauran tafiya yake rage gudu. Kai ma haka za ka yi: gama birkinka motar tana miƙe, shiga kwanar da gudun da ya gaza wanda ranka yake so, ka ɗora ɗan totur kaɗan ka riƙe shi a wurin. Ko ka ji bayan ya fara motsi, kada ka saki gaba ɗaya. Wannan ne mai wuyar, domin tsoro sakin yake sa mutum.

Sniper na Hotoro

Gaskiya ni ban ga abin wahala a 911 ba. Ita nake shiga tseren intanet da ita a ajin motocin tsere na Gr.3, wato 911 RSR ta 2017, kuma ta fi yawancin motocin ajin sauƙin kai.

Oga Gidan Gem, Kurna

Ɗan'uwa na Hotoro, RSR ɗin 2017 ba ta cikin wannan lissafin. Sunan 911 ne a jikinta, amma Porsche sun ɗauke injin sun dawo da shi gaban aksil ɗin baya, ta zama mai inji a tsakiya. Duba shafin bayananta a gem ɗin, MR za ka gani, wato inji a tsakiya, ba RR ba, wato inji a baya. Ga faffaɗan fiffike a baya, ga tayoyin tsere. Hau 930 ko 911 Carrera RS ta 1973 da tayoyin da suka zo da su, sannan ka dawo mu yi magana.

Ni tun zamanin PS2 nake fama da irin motocin nan. A Gran Turismo 4 babu Porsche ko ɗaya, saboda kamfanin gem na EA ne yake riƙe da lasisinta shi kaɗai har zuwa 2016, sai a Gran Turismo Sport na 2017 ta shigo. Abin da muke da shi a lokacin RUF ce, wani ƙaramin kamfani a Jamus da yake ƙera motocinsa a kan gangar jikin 911. Akwai CTR ɗinsu ta 1987, rawaya, mai turbo biyu, doki 469, nauyinta bai wuce kilo 1,150 ba, kuma a gaske ta taɓa kilomita 340 a awa. A shagonmu yara suna ajiye ƙwallo su kewaye wanda ya ɗauke ta zuwa Nürburgring, titin tseren nan na Jamus mai tsawon kusan kilomita 21. Mafi yawa a Schwedenkreuz take kayar da su, wata kwanar hagu da ake zuwa da matsanancin gudu bayan an hau ɗan tudu. Motar tana sauka daga tudun ba nauyi a jikinta, mutum ya tsorata ya saki totur, sai dai a ga allo yana juyawa.

Abin da na koya daga ita ya yi mini aiki a 930. Matsalar 930 ta biyu turbo ce. Giyarta huɗu ce kacal, dogaye, kuma a ƙasan juyin inji kamar ba ta da rai. Sai allurar ta hau sannan ƙarfin ya faɗo maka a lokaci guda. In hakan ta same ka a tsakiyar kwana, ka gama. Saboda haka nake zaɓar giyata tun kafin na shiga, na tabbata injin ya riga ya farka, ƙarfin yana zuwa a jere. Sauya giya a tsakiyar kwana kuwa na daina shi kwata-kwata a motar nan.

Injiniya Sharaɗa

Duk abin da manya suka faɗa haka yake, amma saiti ma yana da nasa rabon, musamman ga mai hannun gem. Je shagon kayan gyara ka sayi abu uku: safenshan da ake iya saitawa gaba ɗaya, LSD da ake iya saitawa, wato na'urar da ke ɗaure juyin tayoyin baya biyu da juna, da na'urar raba birki tsakanin gaba da baya.

Wanda ya fi canza mini motar shi ne layin LSD na ɓangaren birki, na uku a jerin. Shi ne yake ɗaure tayoyin baya biyu da juna in ka saki totur ko ka taka birki, ya hana bayan saurin juyawa. Riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan kana gwadawa, har ka ji motar ta daina zabura in ka ɗaga yatsa. In ka wuce gona da iri za ka sani, don za ta ƙi shiga kwana sam. Layin totur kuma na rage shi, saboda in ya yi yawa tayoyin biyu tare suke zamewa wajen fita. Birki na kai shi gaba, -1 ko -2. Sandar hana tangaɗi ta baya na sassauta ta ta gaza ta gaba da mataki ɗaya ko biyu, tayoyin baya kuma na ɗan karkato da bakinsu ciki a alaimen.

Abu guda nake roƙo: canza abu ɗaya, ka zagaya, ka ji bambancin, sannan ka taɓa na gaba. Gem ɗin yana ba ka damar ajiye takardun saiti daban-daban, ka bar ta asali yadda take. Kuma ka yi hattara da lambobin da ake kwafowa a intanet. A watan Yulin 2024 sabuntawa ta 1.49 ta canza yadda taya da safenshan suke aiki, saitin da aka rubuta kafin nan da yawa ba ya zama daidai yanzu.

Ɗan Dorayi

Ku kuna wahalar da yaron nan. Sayi nauyin ƙari, ka zuba kilo 100 ko fiye, ka tura shi gaba can -50. Rabon nauyin zai matso kusa da daidai, motar ta nutsu. PP ɗinta, wato makin da gem ɗin yake auna ƙarfin mota da shi, shi ma zai sauka, ka samu shiga tseren da da ba za ta shiga ba. Ni haka na yi na cinye tserena na wuce.

Oga Gidan Gem, Kurna

Malam na Dorayi, yana aiki, ban musa ba. Amma ni abin yana yi mini ciwo. Me ya sa mutum zai sayi 911 in so yake ta koma kamar kowace mota? Nauyin nan na baya shi ne arzikinta. Shi ya sa take fita daga kwana kamar an harba ta tun sauran motoci suna neman inda za su sa ƙafa, shi ya sa kuma birkinta yake kamawa, don in ka taka, tayoyin huɗu ne suke raba aikin. Ka loda mata kilo 100 a hanci, ka rage duk wannan, ga tayoyin gaba suna saurin cinyewa a dogon tsere.

Baban Khalifa, Ƙofar Ruwa

Ku duka biyun kuna da hujja. Porsche da kansu sun yi abin da na Dorayi yake faɗa. A 911 ɗin farko-farko, ta shekarun 1960, sun saka dunƙulen ƙarfe a kusurwoyin bambar gaba, kowanne kilo 11, don gaban ya zauna. Daga baya a 1968 suka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da milimita 57, suka raba batir ya zama biyu, ɗaya a kowane gefen gaba. Ka ga su ma sun san da matsalar. Amma dubi yawan abin da suka sa: kilo 22 gaba ɗaya. Ni a gem ɗin kilo 20 zuwa 30 nake sa wa 930, ya ɗan danne hancin, kuma har yanzu ina jin 911 ce a hannuna. Babban gyaran bayan ma sai a samfurin 911 da ake ce wa 993 ya zo, a shekarun 1990, da suka canza ƙirar safenshan ɗin baya ɗungurungum. In ka hau 993 a gem ɗin bayan ka sauka daga 930, nan take za ka ji.

Maman Noor, Gyaɗi-Gyaɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ni a PS5 ɗin ƙanena nake yi in yara sun kwanta, kuma ban fara da Porsche ba. Alpine A110 ta 1972 na fara ɗauka, 'yar ƙaramar motar Faransa, ita ma RR ce, nauyinta bai kai kilo 800 ba. Irinta ce ta ci gasar rali ta duniya ta farko a 1973. Da yake ƙarfinta kaɗan ne, in bayan ya fara zamewa a hankali yake yi, kana ganinsa yana tahowa, kana da lokacin da za ka mayar da kan motar wajen da yake zamewa ka ƙara ɗan totur. A Tsukuba, wani ƙaramin titin tsere na Japan, na riƙa yi, zagayen wajen kilomita 2 ne, ba ka daɗe ba ka dawo kwanar da ta ba ka wuya. Kwanar ƙarshe, doguwar nan ta dama, ita ce makarantata: ka shiga, ka riƙe totur rabi, ka ƙi saki har ka hango miƙaƙƙen titi.

Game da hannun gem kuma, Ɗan Fagge, duba ko totur ɗinka a kan R2 yake, birki a L2. Wasu suna mayar da su kan maɓallan X da murabba'i don sabon da suka yi tun PS2, to a hannun yanzu maɓallan nan ba su san rabi ba, ko a danne ko a sake. Motar nan kuwa rabin take so. Na kuma lura ba na sakin birki farat ɗaya. Ina zare yatsa a hankali ina fara juya kan motar, sai hancin ya samu nauyin da zai kama kwalta. TCS, mai hana taya zamewa in an taka totur, na bar shi a 1, ban kashe ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Ɗan Fagge

Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, totur ɗina dama a R2 yake, amma shawarar Tsukuba ta yi mini rana. Jiya da aka kawo wuta na zauna a can da 930, na ƙara LSD ɗin birki kamar yadda Injiniya ya ce, na kai birki -1, na sa kilo 25 a gaba irin na Baba. A doguwar kwanar ƙarshe na ji bayan ya fara fita, yatsana yana son tashi, na danne zuciyata na bar shi a rabi. Wallahi sai na ji motar ta zauna a kan tayoyin baya, ta gyara kanta ta miƙe. Na koma Suzuka na wuce kwana-kwanan nan ba tare da ta juya ba.

Yanzu wata sabuwa ce ta fito. A kwanar Suzuka da ake ce wa Spoon, in na fara ƙara totur wajen fita, gaban sai ya ƙi juyawa, ya miƙe da ni waje har na hau gefen titi.

Injiniya Sharaɗa

Wannan ɗaya fuskar ce ta nauyin baya: kana taka totur hancin yana ɗagawa, tayoyin gaba su rasa abin da zai danne su. Kada ka ƙara nauyin gaba tukuna. Jinkirta shigarka rabin Spoon na biyu, ka bari kan motar ya gama kallon hanyar fita kafin ka taka sosai. In har yanzu tana miƙewa, rage LSD na totur kaɗan, ko ka sauke tsayin gaba da milimita 5 ka bar baya yadda yake.

Oga Gidan Gem, Kurna

Akwai sitiyarin G29 a shagona, ranar Asabar bayan la'asar babu cunkoso. Ƙanina ka zo da lambobin saitinka a rubuce mu gwada Spoon ɗin tare. Na Hotoro kai ma ka zo, Carrera RS ɗin tana garejina a gem ɗin, ban taɓa mata komai ba.